Daga rami zuwa tanderu: yadda ake gane ƙasar da za ta yi jan bulo

Assalamu alaikum jama'a. Ku ɗauki misalin jan bulo guda biyu. A tanderu ɗaya aka gasa su, amma ɗaya ya fito sumul, ɗayan kuwa ya tsattsage, gefensa na marmashewa a hannu. Mutane kan ɗora laifin a kan wuta. Sau da yawa kuwa tun a ramin da aka haƙo ƙasar aikin ya lalace.

Yumɓu dutse ne da ya ruɓe. Ruwan sama da zafin rana suna cin duwatsu irin waɗanda muke gani a Filato tsawon dubban shekaru, har su koma ƙwayoyi ƙanana, kowace ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. Ƙwayoyin nan faifai ne, idan ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa sulɓi suna manne wa juna kamar jiƙaƙƙun takardu. Daga nan danƙo yake fitowa.

Kuma yumɓu iri-iri ne. Akwai farar ƙasa, wato kawolin, irin ta Kankara a Katsina da Alkaleri a Bauchi. Ba ta da danƙo sosai, tana jure wuta mai tsanani, shi ya sa masu tayil ke nemanta. Akwai baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Danƙo kam tana da shi, amma idan aka buga bulo da ita zalla, kafin ya bushe ya rabe. Wadda mai jan bulo ke so ita ce ta tsakiya: yumɓu daidai, yashi daidai, da sinadarin ƙarfe wanda ke ba bulo jan launi idan ya sha wuta da iska.

To ta yaya za ka gane? Kankare ƙasar sama tukuna, ta noma ce, cike take da saiwa da ruɓaɓɓen ganye. Ɗebo ta ƙasa, ka zuba a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙura ta bi bayan wasu awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ya fi. Ga su nan hawa-hawa, idonka zai nuna maka wanda ya yi rinjaye. Sannan ka kwaɓa kaɗan, ka yi ɗan sanda, ka ja layi na santimita 10 a kai, ka bar shi ya bushe a inuwa. Idan layin ya ragu da kusan santimita ɗaya, ƙasar ta cika danƙo, sai an sassauta ta da yashi ko garin fasasshen bulo.

Abin da na fi jan kunne a kai shi ne farin tsakuwar alli da ke ɓuya cikin wasu ƙasashe. A wajen digiri 900 na ma'aunin Celsius tsakuwar nan takan ƙone ta koma ɗanyen alli. Bulo ya fito lafiya lau, a sayar, a yi gini. Da laima ta shige shi, allin ya sha ruwa ya kumbura, sai ka ga fuskar bango na ɓallewa, da farin ɗigo a tsakiyar kowane gurbi. Maganinsa tankaɗe da niƙa, tun kafin a kwaɓa.

Magina na da, masu tubalin hannu daga kududdufan Kano da Zariya, sun san amfanin barin ƙasa ta jiƙa ta kwana kwanaki ana tattakawa. Masana'anta ma haka take yi, sai dai da inji: a niƙa, a jiƙa, a ajiye ta huta, a zuƙe iskar ciki, a matso ta a yanka.

Bushewa a inuwa ake yi, a hankali. A tanderu ma haka. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a jikin ƙwayoyin yake fita, kuma daga nan ƙasar ba ta sake komawa laka. A digiri 573 ƙwayoyin yashi kan kumbura farat ɗaya, wanda ya yi gaggawa a nan, ko wajen hura wuta ko wajen hucewa, zai kwashi fasassu. Gashin kan kammala tsakanin 900 da 1,100.

Tayil na daɓe ya fi tsauri. Ana haɗa farar ƙasa da yumɓu mai danƙo da farin yashi da garin dutsen felsfa, a niƙa su cikin ruwa, a busar su zama gari mai ɗan laima, a danne da injin matsi, a gasa a kusan digiri 1,200. Felsfa ɗin ne ke narkewa ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi, saboda haka duk sabon lodin ƙasa da ya shigo masana'anta sai an gwada shi kafin a zuba a injin niƙa.