Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ɗakin Binciken Makamashi

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, ranka ya daɗe, da kai da 'yan rakiyarka muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya. Malamai da ɗaliban wannan cibiya sun daɗe suna ɗokin wannan rana.

Ranka ya daɗe, aikinmu a kan wata iska ne mai warin baragurbi, wadda masana ke kira haidirojin salfaid. Guba ce. Idan ta yi yawa takan dakushe hancin mutum ya daina jin warin, sannan ta kwantar da shi. A matatun mai ake samun ta da yawa, domin kafin fetur da dizal su cika ƙa'idar tsabtar iska sai an cire musu farar wuta, kuma da iskar haidirojin ake cire ta. Haɗuwar su biyun ce ke haifar da wannan iska.

Tun 1883 Carl Friedrich Claus ya fito da dabarar da, bayan gyare-gyare, har gobe da ita ake aiki: a ƙona iskar, a kwashe farar wuta, haidirojin kuwa ya koma ruwa. Wato matata ta zuba kuɗi ta samar da haidirojin, galibi daga iskar gas, kowane kilo ɗaya da hayaƙin kabon kusan kilo 9 zuwa 10, ƙarshenta kuma ta ƙone shi. Wannan asarar ce ta tsaya mana a rai, shi ya sa muke neman hanyar raba iskar mai warin baragurbi gida biyu, a samu farar wuta kuma a dawo da haidirojin ɗin.

A lissafi, ƙarfin da ake buƙata a raba wannan iska bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ake raba ruwa da shi don samun haidirojin ba. A aikace kuwa akwai jan aiki. Zafi kaɗai sai ya haura digiri 1,000 kafin a samu abin kirki. A 2022 masana a Jami'ar Rice ta Amurka sun raba ta da haske da ɗigo-ɗigon zinare. Mu abin da ke ba mu ciwon kai shi ne yadda farar wuta ke liƙe wa sinadarin da ke hanzarta aikin. Za ka gan ta da idonka, rawaya, daskare a jikin bututun gilashi.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Iskar da muke gwaji da ita tatacciya ce daga tukunya, ta matata kuwa gauraye take da hayaƙin kabon da amoniya da tururi. A sa mana baki wata matata ta ba mu gurbin gwaji.

Kafin mu shiga, za a maƙala wa kowa na'urar gargaɗi a ƙirji. Idan ta yi ƙara, a bi ƙofar dama. Bismillah.