Ɗakin Karatun Gunduma da Waɗanda Suka Riƙe Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ɗakin karatu ne, wanda 'yan boko ke kira laburare, musamman irin na garuruwan hakimai a ƙasar Kano da Jigawa.

Dattawan da suka ga zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, za su tuna ɗaki guda kusa da ofishin hakimi, da 'yan bencina, da kabad ɗin littattafai. Irin waɗannan ɗakuna sun yaɗu a Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turawan mulki ke son jama'a su ji labarin yaƙi ta bakinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ce ta fi jan mutane. Mai ilimin boko ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su kasa kunne. A 1952 aka kafa babban ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, yana aika littattafai cikin akwatuna zuwa ɗakunan En'e. Sai ga Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya jagoranta, magidanta masu furfura suka koyi haɗa baƙi, suka shiga neman abin karantawa.

To, wa ya biya kuɗin? A Amurka an san sunan Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe da ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500, har gidauniyarsa ta tallafa wa na Legas a 1932. Namu kuwa daga baitulmalin En'e aka gina su, kuma baitulmali harajin talaka ne da jangalin Bafulatani. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji yana da bulo a wannan gini, ko da bai taɓa iya rubuta sunansa ba. Ni a ganina shi ne mai taimako na farko, kuma babu allon da ke ɗauke da sunansa.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 En'e ta kau, ɗakuna da yawa suka zama marayu. Wasu sun koma sito, wasu gara ta gama da su.

Na garinmu bai mutu ba, kuma na san dalili. Wani tsohon hedimasta, Allah ya jiƙansa, da ya yi ritaya sai ya kwaso littattafansa na shekara talatin a amalanke ya kai. Kullum bayan la'asar yana zaune a bakin ƙofa da rajista, yaro ya ari littafi ya rubuta sunan mahaifinsa da unguwarsu. Ba wanda ke biyansa ko kwabo. A hannunsa na fara aron littafi, kuma har gobe ina jin muryarsa: "Ɗana, wanke hannunka tukuna." Da rufin ya fara yoyo, ƙungiyar ɗaliban garin ce ta yi karo-karo ta sayi kwano. Daga baya wani mai fataucin riɗi ya sa musu sola, ya kuma roƙi kada a ambace shi a masallaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne adakokin da ke rufe a gidajenmu. Malami ya rasu ya bar littattafan fiƙihu da nahawu da rubuce-rubucen ajami, magada sun kasa rabawa, sun kasa karantawa, damina tana bi ta kansu. Alhali wakafin littafi sadaka ce mai gudana, malamanmu sun daɗe suna faɗa.

Buƙata ma ta ƙaru. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma akwai yaran ƙauye da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su taɓa ta. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27. A kowace akwai ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai iya sayen kwamfuta biyar, akwai kuma malamin makaranta mai ritaya da zai yarda ya riƙe mabuɗi idan an neme shi da mutunci. Hakimai da dagatai su kira su zaure guda, a buɗe adakokin nan, a rubuta abin da ke ciki kafin ruwan bana ya sauka.