Aiki a Abuja, gida a Kaduna

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna garin gwamna. Yau Asabar mun yi sa'ar kama Yaya Bashir, don ranar Litinin ko da kuɗi ba a ganinsa. Ga kuma Kawu Isa. Kawu, ina kwana?

Kawu Isa: Lafiya lau, Hadiza. Bashir, ya gajiyar hanya?

Bashir: Ta bi lafiya, Kawu. Ai ni yanzu ɗan tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ne. Tun 2021 da aka ƙara min girma aka mayar da ni Abuja. Haya can ba ta kamuwa, sai na bar iyali a Unguwar Dosa, na kama ɗaki ɗaya a Kubwa.

Kawu Isa: Ku gode wa Allah. Kafin a buɗe layin dogon nan a 2016, mota ce kawai. Yanzu kilomita 186 kana zaune kana latsa waya.

Bashir: Haka ne, amma Kawu ka tuna 2022. Bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris, ya tsaya cak har Disamba, titi kuma ana tsoro. Sai in yi wata guda ban leƙo gida ba. Wata Juma'a na shigo da tsaraba niƙi-niƙi, autarmu ta kalle ni ta ɓuya bayan zanin uwarta. Ƙiwa take min! Na miƙa mata biskit, ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zanin gam. Daren nan ban runtsa ba.

Hadiza: To me ya hana ka ajiye aikin?

Bashir: Kuɗin makarantar yara uku, da maganin Hajiya. Abin da na iya shi ne, Asabar da Lahadi wayar ofis tana cikin durowa. Ni ke kai su Islamiyya, ni ke cefane. Har gurbin karatun digiri na biyu na ƙarshen mako na samu, na haƙura.

Kawu Isa: A'a, nan kam ban bi ka ba. Ni na ga lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Magidanta masu shekara ashirin a kan inji guda suka wayi gari ba abin yi. Waɗanda suka tsira su ne masu leƙa kasuwar Panteka da yamma, wannan ya koyi walda, wancan ƙira. Albashi ba gado ba ne, ɗana.

Bashir: Ban daina karatu ba, Kawu, aji na canza. Sama da awa biyu nake yi a jirgi, zuwa da dawowa kusan biyar. Ina sauke darussan lissafin kuɗi a waya tun a gida, don sabis yana ɗaukewa a daji. Wasu na barci, ni ina biya karatu.

Kawu Isa: To, wannan da dama-dama.

Hadiza: Ni fa tun ɗazu akwai wadda ban ji an ambata ba. Kwana biyar wa ke tashi in yaro ya yi zazzaɓi cikin dare? Wa ke bin mai gyaran famfo? Anti, matarka, ba ta da nata burin?

Bashir: Tana da shi... ta daɗe tana maganar komawa Kaduna Poly ta ƙarasa babbar difiloma.

Hadiza: Tun yaushe?

Bashir: Tun kafin a mayar da ni. Muka ce bari abubuwa su daidaita.

Kawu Isa: Hmm. Sun daidaita?

Bashir: Kawu, kai ma ka koma bayanta?

Hadiza: Ba bayan kowa. Mako mai zuwa kujerar nan ta Anti ce, kai kuma ka zauna gida da yara.

Bashir: Sai na tambaye ta tukuna.

Hadiza: Kada ka wahalar da kanka, Yaya. Mun riga mun yi waya jiya.