Ɗumamar Teku, Zafin Rana da Ƙananan Tsirran da ke Ciyar da Kifi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da manyan baƙi, ina godiya da kuka halarci wannan zama.

A saman ruwan teku, iyakar inda hasken rana ke kaiwa, akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, waɗanda ake kira fitoplankton. Da hasken rana da ruwa da iskar kabon suke haɗa abincinsu, kamar yadda ganyen gero yake yi, kuma kusan rabin wannan aiki da ake yi a duniya baki ɗaya su ne ke yin sa. Kifin sanyi da ake kawowa kasuwar Maradi daga gaɓar teku, asalin abincinsa daga gare su yake.

Cikin hasken rana akwai wani kaso mai suna UV, wanda ke lalata furotin ɗin da tsiron ke kama haske da shi, ya kuma taɓa ƙwayoyin gadonsa. Shimfiɗar ozon, wata iska da ke can saman sararin samaniya, ita ce ke tare mafi yawansa. A 1985 masanan Birtaniya suka bayyana cewa ta yi ɓaraka a saman Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, kuma binciken da aka wallafa a 1992 ya nuna cewa a ƙarƙashin ɓarakar haɗa abincin da fitoplankton ke yi ya ragu da kashi 6 zuwa 12 cikin ɗari a ruwan da ke bakin ƙanƙarar teku. Yarjejeniyar Montreal da ƙasashen duniya suka ƙulla a 1987 ta taƙaita sinadaran da ke cin ozon, yanzu yana farfaɗowa sannu a hankali.

To, a nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Tsiron yana gyara abin da haske ya ɓata a kullum, saboda haka abin dubawa shi ne ko gyara zai iya cin ma ɓarna. Ɗan ɗumi yakan hanzarta gyaran, shi ya sa wasu ke ganin ɗumamar teku ba abin tsoro ba ce, amma a ganina sun duba rabin magana ne. Teku ya shanye kimanin kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da duniya ke tarawa, ruwa mai ɗumi kuwa ya fi mai sanyi sauƙin nauyi, sai ya kwanta a sama kamar yadda man gyaɗa ke kwanciya a kan ruwa, ya ƙi gaurayuwa da na ƙasa. Takin da tsiron ke buƙata, wato naitirojin da fosforas, a can ƙasa yake. Idan ruwan bai juya ba, takin ba ya hawowa, tsiron kuma ya maƙale kusa da sama yana shan UV tun safe har la'asar, alhali furotin ɗin da zai yi gyara da shi sai da naitirojin ake ƙera shi.

Wani ɓangare na takin ma daga yankinmu yake tafiya, domin ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda ke rufe mana gari da hazo, tana zuba ƙarfe da fosforas a Tekun Atlantika. A gaɓar Muritaniya da Senegal kuwa, iska ce ke ture ruwan sama, mai sanyi ya taso da takinsa, shi ya sa wurin yake cikin mafiya arzikin kifi a Afirka ta Yamma.