Abin da tela zai gani a tsohuwar taskar talabijin ɗin Faransa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Paris. Ku yi haƙuri da ƙarar keke, a shago nake, nan unguwar Goutte d'Or inda telolin Afirka suka yi sansani. Yau babu atamfa, babu shadda, wayata zan haska muku.

Akwai wata hukumar gwamnati a nan mai suna INA. Tun 1975 aikinta adana abin da rediyo da talabijin na ƙasar suka watsa. A 2006 ta zuba dubban tsofaffin shirye-shirye a intanet, kowa ya kalla. Ba duka ne kyauta ba fa, akwai sashen da suke kira madelen, shi sai da kuɗi. Amma guntayen da ke shafinsu da YouTube sun ishi tela, ko a Maraɗi yake ko a Kano, muddin yana da data.

To ku duba nan. Wannan Dim Dam Dom ne, shirin da aka fara a 1965. Zamanin manyan telolin Paris ke nan, irin su Courrèges da gajerun rigunansa da farin takalmi, da Paco Rabanne wanda a 1966 ya ajiye allura ya ɗauki filaya yana haɗa riga da ƙarfe da roba. Ni dai ba zan saka ba, wallahi. Ita ma Coco Chanel akwai hirarta tana tsine wa siket ɗin da ke nuna gwiwa, kamar wata gwaggo a gidan biki.

Ba don a kwaikwayi tsiraici nake nuna muku ba. Yankan nake so ku kalla. Hoton mujalla ba ya gaya maka yadda yadi ke zuba idan mace ta taka, ko inda kafaɗa ke zama idan ta ɗaga hannu. A bidiyo kuwa sai ka tsayar, ka koma baya, ka ga inda aka ɓoye tattara, ka ga nauyin kalmasa yana jan rigar ƙasa. Da, sai wanda aka gayyata cikin waɗannan manyan gidajen ɗinki yake ganin haka, yaron shago ko ƙofa ba ya kaiwa.

Ku nemi kayan Yves Saint Laurent na 1967 ma, waɗanda aka yi wa laƙabi da Bambara, duk duwatsun ado da wuri da kaba. Sunansa ya ɗaukaka, masu sana'ar Mali da aka ɗebo fasaharsu kuwa ba a ambaci ko ɗaya ba. Wannan yana ci mini rai.

Abin da nake kwaɗayin gani yanzu shi ne bikin nuna tufafin Afirka na FIMA na farko da Alphadi, mai tsara tufafi ɗan Nijar, ya shirya a hamada kusa da Agadez a 1998, amma daga kaset ɗin gidajen talabijin namu na gida. Wanda yake aiki a can, don Allah ya yi mini magana a ƙasa. Bari in koma kan keke, mai kaya na jira.