Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Sashen Nazarin Sarrafa Magunguna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya, ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, tare da 'yan rakiyarka da suka sha hanya da rana tsaka.

Aikinmu a nan shi ne nazarin abin da ke ɗauke da magani ya kai shi inda ciwo yake, a lokacin da ya dace kuma gwargwadon da jiki zai iya ɗauka. Jama'a sun fi sanin sunan magani, amma sau da yawa mazubinsa ne ke raba warkewa da illa. Maganin amphotericin B ya daɗe yana kashe ƙwayar cutar kala-azar da ke addabar Sudan, sai dai yana taɓa ƙoda ƙwarai. Da aka kulle shi cikin 'yan mitsi-mitsin kumfar maiƙo da ake kira liposom, irin waɗanda Alec Bangham ya gano a Ingila a shekarun 1960, illar ta ragu matuƙa. Da wannan dabara aka fito da Doxil, maganin ciwon daji da Amurka ta amince da shi a 1995.

Mu kuwa babban abokin gabarmu zafi ne. Oxytocin da ake yi wa mai jego don tsayar da zubar jini yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ranka ya daɗe ka fi mu sanin halin firij a asibitin ƙauye cikin watan Afrilu. Shi ya sa muke jinjina wa riga-kafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda tun 2012 aka yarda ya yi kwana 4 a zafin digiri 40 ba tare da ƙanƙara ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ƙaro. Ana tsintarsa daga dakwara a Borno da Yobe da Jigawa, a fitar da shi ɗanye cikin buhu, sannan mu sayo shi a tace da tsada, abin da ni dai yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibanmu suna tace shi, su haɗa da sitacin rogo su buga ƙwayar magani, ƙaron ne ke ɗaure garin wuri guda. Yanzu za ka gan su tsaye da agogo a hannu, an jefa ƙwaya cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, ana jiran ta wargaje kafin minti 15. Idan ƙaron ya yi yawa sai ta ƙi fashewa, idan ya yi kaɗan ta marmashe tun a takarda.

Roƙonmu guda biyu ne: wutar sola da za ta riƙe na'urorin nan har gwaji ya ƙare, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya takan ɓata aikin yini guda, da kuma na'urar auna girman ɓurɓushin magani da ido ba ya gani, wadda yanzu sai mun aika samfuri wani gari.

Ranka ya daɗe, ɗakin gwaje-gwaje a buɗe yake, bismillah. Allah Ya mayar da kai gida lafiya.