Inshorar haƙori a Zariya: wacce ce mai sauƙi da gaske?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe biyun dare, ka cusa kanumfari a kogon haƙori, ka kurkure baki da ruwan gishiri, ka sha farasitamol, amma zugin yana harbawa har cikin kunne. A irin wannan daren ne mutum yake tunawa da inshora. Sai dai kash, wadda aka yanka bayan kunci ya kumbura ba kasafai take biyan kuɗin wannan kumburin ba. Za mu zo kan dalili.

Da farko a gyara wata fahimta. A Amurka ana sayar da inshorar haƙori ita kaɗai, daban da ta sauran jiki. A nan Najeriya galibi a cikin inshorar lafiya take, layi ɗaya ko biyu a takardar tsarin. Saboda haka wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, tela ne a Tudun Wada ko mai shago a Sabon Gari, abin da zai nema shi ne tsarin lafiya na mutum ɗaya wanda ya yi wa haƙori tanadi mai kyau.

Akwai hukumar inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar NHIS bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022. Tana da shirin GIFSHIP, wanda mutum zai shiga shi kaɗai ko da iyalinsa. Jihar Kaduna ma tana da tata, KADCHMA, ta taimakekeniya, kusan kamar adashi: kowa ya zuba, wanda ciwo ya kama a yi masa magani. Sai kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, irin su Hygeia da Reliance da AXA Mansard. Idan kuma kai ɗalibi ne a ABU, duba takardar kuɗin makarantarka tukuna, domin akwai TISHIP na ɗaliban manyan makarantu. Wataƙila ka riga ka biya ba ka sani ba.

To yanzu ga inda ake yin kitso da ƙwarƙwata. Kada ka tsaya a kan nawa ne kuɗin shekara. Tambayi nawa ne iyakar abin da za su kashe wa haƙorinka a shekarar. Misali kawai: a ce tsarin ya yanka wa haƙori naira dubu 20, likita ya duba ya ce aikin dubu 60 ne. Dubu 40 ɗin nan daga aljihunka za ta fito, kana riƙe da katinka a hannu. Wani tsarin da ya fi shi tsada kaɗan, mai iyaka babba, sai ka ga shi ne mai arahar.

Sannan me iyakar ta ƙunsa? Duba haƙori, wanke shi, ciko, da cirewar da ba ta buƙatar tiyata, waɗannan su aka fi samu a ƙananan tsare-tsare. Aikin jijiya, wato a kwashe jijiyar da ta ruɓe a bar maka haƙorinka, da sa masa hula, da haƙorin roba, da wayar daidaita haƙora, yawanci sai manyan tsare-tsare, wasu ma babu ko a can. Haƙorin Makka kuwa, Hajiya, wannan ado ne, ba mai biya miki.

A ganina wannan rabon yana tura talaka wajen cirewa, domin ita ce mai araha, alhali 32 ne kacal a bakin babba, wanda ya fita kuma ya fita ke nan.

Mu koma kan daren nan na kanumfari. Yawancin tsare-tsaren mutum ɗaya suna da lokacin jira. Ka biya yau, amma ɓangaren haƙori ba zai buɗe ba sai bayan wasu watanni. Sun yi haka ne don kada kowa ya jira sai ciwo ya taso sannan ya shigo. Ka sa a nuna maka watannin a rubuce, kada ka tsaya ga maganar baki.

Abu na gaba, wurin magani. Karɓi jerin asibitocinsu ka nemo Zariya da idonka. Idan duk wuraren haƙorin a Kaduna ko Abuja suke, ka lissafa kuɗin mota da wunin da za ka rasa a shago. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen haƙori, amma a tsarin gwamnati ba kai tsaye ake zuwa ba: asibitin da ka zaɓa tun farko shi zai tura ka, a samo lambar amincewa, sannan a taɓa bakinka. Wanda ya tsallake wannan matakin, shi zai biya. A tsarin NHIA kuma akan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magungunan da aka rubuta maka, don haka ka riƙe ɗan canji.

Idan ka samu katin, kada ka ajiye shi a ƙarƙashin katifa. Kuɗin haƙorin da ba ka taɓa ba galibi ba ya bin ka zuwa shekara mai zuwa. Da lokacin jira ya cika, je a wanke maka dattin goro da na shayi, a leƙa turamen nan na ciki, in akwai ɗan rami a cike shi tun bai kai ga jijiya ba.